Nazarin Lamari: Ɗalibin da Ya Sayi Galaxy S4 Sau Biyu

Asalin lamarin

Wanda wannan nazari ya shafa ɗalibin digiri na biyu ne a fannin kimiyyar kwamfuta a wata jami'a ta Amurka, kuma bincikensa ya tsaya ne a kan yadda wayoyin Android suke shan batir. Hasashensa shi ne, idan aka gyara ɓangaren da ke raba ayyuka tsakanin kawunan furosesa, tare da ɓangaren da ke yanke lokacin da kowane kai zai yi barci, waya za ta ƙara daɗewa kafin cajinta ya ƙare, ba tare da mai ita ya ji ta yi nauyi ba. Waɗannan ɓangarori biyu suna cikin kanel ne, wato ƙwayar tsarin Linux wadda Android take zaune a kanta. Saboda haka buƙatarsa guda ɗaya ce: ya iya haɗa kanel nasa, ya ɗora shi a kan waya ta gaske, ya auna, ya gyara, ya sake ɗorawa, sau da dama a cikin mako.

Ya zaɓi Samsung Galaxy S4 saboda dalilai uku. Tana ɗauke da furosesa Snapdragon 600 mai kawuna huɗu, wanda ya dace da gwajin. Batirinta mai ƙarfin mAh 2,600 ana iya cire shi da hannu, don haka zai iya jona na'urar auna lantarki kai-tsaye a bakin wayoyin batir. Sannan Samsung takan wallafa tushen rubutun kanel ɗin wayoyinta, domin lasisin GPL da Linux ke ƙarƙashinsa ya wajabta hakan. Layinsa kuwa na Verizon ne tun da daɗewa, kuma gwajin yana buƙatar a auna abin da rediyon LTE yake ci a kan layi ɗaya daga farko har ƙarshe.

Abin da aka kulle da abin da ba a kulle ba

Kafin a bi labarin, ya kamata a raba abubuwa biyu da mutane suke yawan haɗawa. Yin rut shi ne samun ikon babban mai gudanarwa a cikin Android bayan ta riga ta tashi. Mai rut yana iya goge manhajojin da kamfani ya cusa, ya kwafe bayanan kowace manhaja, ya taɓa fayilolin tsarin. Buɗe butloda wani abu ne dabam, domin shi butloda yana aiki ne tun kafin a san da Android, kuma shi ne yake yanke hukuncin wane kanel zai tashi.

A wayoyi masu furosesan Qualcomm na wancan zamani, tashin waya sarƙa ce mai zobba da yawa. Zoben farko rubutu ne da aka dasa a jikin furosesa tun daga masana'anta, ba ya canzuwa. Shi yake duba hatimin lissafi na zobe na biyu, yana gwada shi da alamar mabuɗin da aka ƙone a cikin wasu ƙananan fiyus na furosesan. Na biyu ya duba na uku, haka har a iso ga zoben da ake kira aboot, wanda shi ne mai duba hatimin kanel. Duk kanel ɗin da ba ya ɗauke da hatimin kamfani, aboot ba zai tayar da shi ba. S4 ɗin da aka sayar ta hannun Verizon da AT&T an kulle su ta wannan hanya, alhali na T-Mobile da Sprint suna karɓar kanel na waje. Tun a shekarar 2012 Verizon ta kare wannan matsayi a wasiƙar da ta aika wa hukumar sadarwa ta FCC, inda ta kafa hujja da ingancin hidima da tallafin da take bai wa masu layinta.

A nan akwai wani abin lura. Doka ta tilasta wa kamfani ya ba da rubutun kanel, amma siga ta biyu ta lasisin GPL, wadda Linux ya tsaya a kanta, ba ta tilasta masa ya bar na'urar ta karɓi abin da ka gyara ba. Siga ta uku da ta fito a 2007 ta toshe wannan kafa, sai dai Linux bai koma kanta ba. Haka kuma Laburaren Majalisar Dokokin Amurka ya cire yi wa waya rut daga haramcin dokar kare haƙƙin mallaka ta DMCA a 2010, ya sabunta hakan a 2012. Ma'anarsa ita ce ba laifi ba ne ka nemi hanyar shiga wayarka, amma babu wanda aka ɗora wa nauyin ya buɗe maka.

Mayu da Yuni 2013: ƙofar baya

Ɗalibin ya sayi wayar a ƙarshen Mayun 2013, samfurin SCH-I545 mai gigabait 16, a kan dala 199.99 tare da kwantiragin shekara biyu. Ya san a kulle take. Abin da ya kwantar masa da hankali shi ne, a cikin wannan watan ne mai binciken tsaro Dan Rosenberg ya fitar da wata dabara da ya kira Loki, wadda take ba S4 na Verizon da na AT&T damar tayar da kanel maras hatimi.

Yadda Loki take aiki shi ne ginshiƙin duk abin da ya biyo baya. Idan aboot zai tayar da waya, yakan karanta kan fayil ɗin tashi, inda aka rubuta adireshin da za a ajiye kanel da kuma adireshin da za a ajiye ƙaramin tsarin fayilolin farko a cikin ƙwaƙwalwar waya. Rosenberg ya gano cewa aboot yana kwashe waɗannan kaya zuwa adireshin da aka faɗa masa tun kafin ya duba hatimi, kuma ba ya tambayar ko adireshin yana da ma'ana. Sai ya rubuta adireshin da ya faɗa daidai kan wurin da aikin duba hatimin yake zaune, ta yadda aboot da hannunsa yake shafe mai gadinsa, ya maye gurbinsa da ɗan rubutun da zai ce komai lafiya. Butloda ɗin yana nan a kulle kamar yadda yake. Ana dai yaudararsa ne a kowane tashi, kuma dole a bi ta kan kowane sabon kanel da Loki kafin a ɗora shi.

A wajen ɗalibin wannan bambanci bai nuna kansa ba. Ya yi wa wayar rut, ya saka rikobari na waje, wato ƙaramin tsarin da ake shiga don ɗora wa waya manhaja ko gyara ta, ya ƙara layi ɗaya a cikin rubutun da yake haɗa masa kanel domin a riƙa shafa Loki kai-tsaye. Cikin makonni shida ya ɗora kanel daban-daban har 23, ya tara awo a kan kiran waya, kallon bidiyo, da zaman waya ba a taɓa ta ba. Sigar manhajar da wayar ta zo da ita, wadda lambarta ta ƙare da MDK, ita ce mai wannan kafa, kuma a kanta duk aikin ya dogara.

Yuli 2013: daren sabuntawa

A tsakiyar Yuli malamin da ke duba aikinsa ya nemi ya sake ɗaukar awon kwatance a kan wayar da ba a taɓa komai nata ba, domin awon farko an ɗauke shi ne bayan an riga an goge wasu manhajoji. Buƙata ce mai ma'ana. Ɗalibin ya yi amfani da Odin, manhajar kwamfuta da ake yi wa wayoyin Samsung filashin da ita, ya mayar da wayar yadda ta fito daga kwali. Da yin haka sai ya mayar da abubuwa biyu da a da suke kare shi ba tare da ya lura ba: rikobarin kamfani, da manhajar da ke saukar da sabuntawa ta iska.

A wannan watan ne aka fara raba sabuntawar ME7 ga masu S4 na Verizon. Ya bar wayar a kan tebur tana zagayen awo na dare, da safe ya tarar da saƙon sabuntawa ya rufe fuskarta, yana kuma katse masa gwajin. Ya tsaya ɗan lokaci yana dubansa. Tunaninsa shi ne, ko da ya karɓa, yana da cikakken fayil ɗin MDK a kwamfutarsa, kuma Odin za ta mayar da shi cikin minti goma kamar yadda ta yi jiya. Sai ya danna.

Da la'asar, bayan ya gama awon, ya jona wayar ya tura MDK. Odin ta tsaya tun kafin ta yi nisa, akwatinta ya koma ja, kuma a kusurwar fuskar wayar wani ƙaramin rubutu ya bayyana yana nuna cewa wayar ta ƙi amincewa da fayil ɗin. Ya canza kebul, ya canza kwamfuta, ya sake saukar da fayil ɗin, ya gwada Heimdall, wata manhaja mai aiki irin na Odin, a kan Linux. Duk amsa ɗaya ce.

Abin da ya faru shi ne, ME7 ta zo da sabon aboot wanda aka toshe kafar Loki a cikinsa, sannan ta hana komawa baya. Akwai lambar siga da ake riƙewa a cikin fiyus na furosesa, kuma waya ba ta karɓar butloda da lambarsa ta gaza wadda aka riga aka ƙone. Fiyus ɗin da ya ƙone ba ya komawa, ko da filashin, ko da goge komai, ko da kayan masu gyara da suke jonawa a jikin allon waya. Masu S4 na AT&T sun gamu da irin wannan a sabuntawarsu ta MF3 a daidai wannan lokaci. Bakin alƙalami ya bushe.

Agusta zuwa farkon Oktoba: ƙoƙarin da bai kai ba

Abu na farko da ya samu shi ne rut. Ba a daɗe ba aka fito da hanyar yi wa ME7 rut, ya bi ta, ta yi aiki. Na kwana ɗaya ya ɗauka matsalarsa ta kau, har sai da ya rubuta kanel nasa a kan ɓangaren tashi ta hanyar ikon da ya samu. Rubutun ya shiga lafiya, domin mai rut yana da ikon rubutawa a ko'ina. Amma da wayar ta sake tashi sai aboot ya duba, ya ƙi, ta tsaya a kan gargaɗin cewa an sami manhajar da ba a amince da ita ba. Ya kwashe yini yana mayar da ita. A nan ne ya gane a aikace cewa ikon rut yana farawa ne bayan an riga an yanke hukuncin da shi yake son canzawa.

Abu na biyu shi ne Safestrap, wadda wani mai ƙirƙirar manhaja da aka sani da laƙabin Hashcode ya fara yi wa wayoyin Motorola masu kulle, daga baya ya kawo ta kan S4. Dabararta ita ce ta bar kanel na kamfani ya tashi, sannan ta tare hanya a farkon tashin Android ta karkatar da waya zuwa wani tsarin da aka ajiye a gefe. Ga wanda yake son sauya kamannin waya, ko ya rabu da manhajojin da suka cinye kusan rabin gigabait 16 ɗin nan, wannan babbar hanya ce. Ga ɗalibinmu kuwa an yi ba a yi ba, domin abin da Safestrap ba ta iya canzawa shi ne ainihin abin da yake bincike a kai.

Abu na uku shi ne ya yi ƙoƙarin mayar da gyare-gyarensa su zama modul, wato ƙarin rubutu da ake cusa wa kanel yana cikin aiki. Wani ɗan yanki na aikinsa, mai kula da saurin furosesa, yana iya zama haka. Sai dai mai raba ayyuka a gine yake a cikin jikin kanel, ba a cire shi a sa wani. Ya ɓata makonni uku yana neman yadda zai faci rubutun a cikin ƙwaƙwalwa yayin da waya take kunne, kuma ko a ranakun da ya yi nasara, awon da ya samu ba abin da zai iya karewa ba ne a gaban masu jarrabawa, domin ba zai iya tabbatar da abin da ke gudana a ciki ba.

Abu na huɗu shi ne jira. Ana ta maganar kexec, hanyar da kanel mai aiki yake tayar da wani kanel a bayansa, kuma akwai masu ƙoƙari a kai. Kullum da safe yakan duba ko an sami labari. Ya kuma yi tunanin sayen S4 ta hannu wadda har yanzu take kan MDK, amma masu sayarwa da yawa ba su san sigar da ke kan wayarsu ba, kuma wadda aka kunna aka bar ta da intanet tana iya sabuntuwa kafin ta iso hannunsa.

Tsakiyar Oktoba: lissafi

Da ya rage saura wata shida ya miƙa kundinsa, malaminsa ya sa shi ya rubuta zaɓin da ke gabansa da farashin kowane. Ga yadda suka fito.

Nexus 4 ta Google butlodarta tana buɗuwa da umarni ɗaya, kuma farashinta ya sauko har dala 199 a ƙarshen Agusta. Amma ba ta aiki a kan layin Verizon mai tsarin CDMA, ba a sayar da ita da LTE ba, batirinta a rufe yake, kuma furosesanta dabam ne, don haka duk awon makonni shida zai tashi a banza. S4 samfurin Google Play, wadda ta shiga kasuwa a ƙarshen Yuni a kan dala 649, furosesa ɗaya ne da tasa, sai dai an yi ta ne don AT&T da T-Mobile. Komawa can yana nufin ko dai ya riƙe layi biyu, ko ya karya kwantiragi, wanda tararsa dala 350 ce a cire dala 10 a kan kowane cikakken wata, wato dala 310 a lokacin. Sauya layi kuma zai canza awon rediyo.

Zaɓi na ƙarshe shi ne wanda ya gani tun farkon aikin ya kawar da kai saboda tsada: S4 Developer Edition ta layin Verizon, wadda Samsung take sayarwa da kanta a kan dala 649.99 ba tare da rangwamen kwantiragi ba. Ƙirarta ɗaya da wadda ke aljihunsa, furosesa ɗaya, batir ɗaya, rediyo ɗaya. Bambancin kawai shi ne butlodarta an yarje mata ta tayar da kanel maras hatimi. Ya saya da kuɗinsa.

Nuwamba 2013 zuwa 2014: sakamako

Ranar da ta iso, ya ciro katin layinsa daga tsohuwar ya saka a sabuwar, ya tura rikobari na waje da Odin, ta karɓa. Ya cire layin Loki daga rubutun haɗa kanel, ya ɗora kanel na 24. Daga buɗe kwali zuwa tashin wayar a kan kanel nasa bai cika awa ɗaya ba. Ya maimaita uku daga cikin gwaje-gwajen Yuni, sakamakon ya yi daidai da na da, saboda haka tsohon awon ya tsira.

Sabuwar ma ba ta rasa nata tarkon ba. Izinin buɗewar yana cikin aboot ɗin da ta zo da shi, kuma duk wanda ya yi mata filashin da cikakkiyar manhajar Verizon ta kasuwa, zai shafe wannan aboot ya wayi gari da waya kulalliya kamar kowace. Darasin Yuli bai wuce shi ba. Kafin komai ya kwafe ɓangaren aboot ya ajiye a wurare biyu, ya daskarar da manhajar sabuntawa, ya manna takarda a bayan murfin batir yana tunatar da kansa kada ya taɓa tura cikakken fayil. Sabuntawar Android 4.3 da ta iso wa S4 a ƙarshen shekarar, wadda ta zo da tsarin tsaro na Knox, bai bar ta ta kusanci wayar gwajin ba. Da yake son gwada aikinsa a kan Android 4.4, CyanogenMod 11 ya ɗora, wata sigar Android da ba ta kamfanin waya ba.

Tsohuwar wayar ba ta zama asara gaba ɗaya ba. Ta koma wayar kwatance, mai kanel na kamfani wanda babu mai shakkar an taɓa shi, abin da malaminsa ya nema tun a Yuli. Ya miƙa kundinsa a kan lokaci a farkon 2014, amma sai da ya yanke babi guda da ya yi niyyar yi a kan wasannin waya. A watan Yunin 2014 George Hotz ya fitar da Towelroot, wadda ta dogara da wani kuskure a kanel na Linux, kuma ɗalibin ya gwada ta a kan tsohuwar wayar don sha'awa. Ta ba shi rut cikin ƙasa da minti ɗaya da danna maɓalli guda. Butlodarta kuwa tana nan yadda ME7 ta bar ta.

A ƙidaya, wayoyin biyu sun ci dala 849.98. Daga tsakiyar Yuli zuwa farkon Nuwamba, kimanin makonni 15, bai tayar da kanel nasa ko ɗaya ba.

Hukunci

Kuskurensa bai fara daga ranar da ya danna maɓallin sabuntawa ba. Danna maɓallin ya gaggauta abin ne kawai. Da bai danna ba, da fashewar fuska ko lalacewar allo za su iya kai shi ga wannan matsayi, domin wayar da za a musanya masa da ita daga Yuli zuwa gaba da sabuwar siga za ta zo. Kuskuren na Mayu ne, lokacin da ya gina aikin shekara guda a kan kafar da kamfanin da ya ƙera wayar yake da dalili da iko ya toshe, kuma wadda an bayyana yadda take a fili ga kowa, har da injiniyoyin kamfanin. Zanen aro ba ya rufe katara. Tsawon rayuwar Loki a kan sabuwar manhaja bai wuce wata biyu ba.

Bambancin dala 450 da ke tsakanin wayoyin biyu ya duba shi ne a matsayin ragi. A gaskiya wani yanki ne na farashin da ake biya a hankali cikin kuɗin layi na wata 24, kuma cikin abin da ya karɓa tare da ragin har da barin mabuɗi a hannun wani. Ga mafi yawan masu waya wannan ciniki ne mai kyau, domin kulle yana kare su daga wanda zai saci waya ya sauya mata tsari, kuma ba su da buƙatar taɓa kanel. Ko a cikin masu son taɓa wayarsu, wanda burinsa goge manhajoji da kwafe bayanai ne, rut a kan waya kulalliya ya ishe shi, kuma tarihin S4 ya nuna ana ta samun rut siga bayan siga. Sayen Developer Edition a wajen irin wannan mutum ɓarnar kuɗi ce, ga kuma hatsarin kulle ta da filashin ɗaya na kuskure.

Abin da ya raba ɗalibin da su shi ne buƙatarsa tana ƙasa da inda rut yake kaiwa, kuma akwai ranar miƙa kundi a gabansa. Kurakuran da ke ba da rut suna cikin Android da kanel, rubutu mai miliyoyin layuka da ake yawan canzawa, shi ya sa ba a rasa su. Butloda ƙarami ne, aikinsa kaɗan, kuma idan aka gyara shi fiyus yana hana a dawo da tsohon. Da ya saya wa kansa Developer Edition da zarar ta fito a tsakiyar 2013, da dala 649.99 ce kawai ƙarin da zai kashe a kan aikin, adadin da ya biya a Oktoba, kuma da babin wasannin waya yana cikin kundin.